Wayar Da Aka Ƙwace A Hanyar Runka

Shekarun baya, ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, wata ƙungiya mai sasanta manoma da makiyaya a Batsari da Safana ta kira ni in duba mata kwamfutocin ofis. Na je da sabuwar jaka, ina ji da kaina kamar ni na ƙera intanet.

Abin da na tarar ya sanyaya min jiki. Ƙungiyar na da jerin sunayen mutanen ƙauyuka da ke bugo waya a ɓoye idan sun hango 'yan bindiga. Jerin nan yana cikin wayar kowane ma'aikaci, su kuwa kullum suna kan babur a daji. Kalmar sirrin ofis ɗaya ce tal, har mai shayin bakin ƙofa ya san ta. A wurinsu, ka ɓoye wa abokin aiki kalmar sirri daidai yake da ka kira shi ɓarawo. Amma da waya ɗaya za ta faɗa hannun mugu, gida-gida za a bi mutanen nan.

Na zauna na tsara masu: kowa da tasa kalmar, kowa ya ga iya abin da ya shafi aikinsa. Sunayen su koma kwamfuta ɗaya a kulle wadda ba ta hawa intanet, masu kawo labari su riƙa kiran layin ofis kaɗai. Duk wayar da za ta fita gari a share ta tas.

Nan na gamu da shugaban ƙungiyar, malamin Islamiyya, aminin mahaifina.

"Har ni, yaro? Ni fa na raɗa maka suna."

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ba kai nake tsoro ba, hanya nake tsoro. Inda ka bi, nan wayarka ke bi."

Mako biyu ina gaishe shi yana amsawa a taƙaice, har ƙarata ya kai gida. Sai wata Juma'a ya miƙo min wayar bai ko dube ni ba. Na share jerin na mayar masa da ita. Da sauran suka ga Malam ya bayar, kowa ya kawo tasa.

Da damina 'yan bindiga suka tare ɗaya daga cikin ma'aikatan, wani Bafulatani mai sanyin magana, a hanyar Runka. Suka ƙwace babur, suka sa shi buɗe waya da bindiga a kansa, suka bincike ta ciki da bai. Hotunan shanu da wa'azi suka samu. Suka mare shi, suka kore shi.

Washegari ya shigo ofis da kumburarren kunci, ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Sunan yayana na cikin jerin nan," in ji shi. "Ɗan bindigar da ya riƙe wayar kuma ya san shi, tare suka yi kiwo."

Tun daga nan na tsara wa manyan ofisoshi tsaro, masu injuna cike da ɗaki, amma ba aikin da nake alfahari da shi kamar wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Yayan nasa bai san ni ba, bai ma san an yi ba. Bara na hange shi a kasuwar Batsari yana saya wa 'yarsa takalmi.