Akuyar Inna a Harabar Coci

Gero ya fara fitar da kai lokacin da muka baro ƙauyenmu na yankin Gwashi. Ba sai na yi dogon bayani kan abin da ya kore mu ba, kowa a Zamfara ya san ƙarar baburan nan. Ni cikin dawa na ɓuya, kuma daga inda nake kwance na ga abin da suka yi wa maƙwabcina da wuƙa. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Muka isa Gummi, ni da matata da yara da mahaifiyata Inna, wadda na goya kusan rabin hanya. Makarantar firamare ta cika, rumfunan tasha sun cika, ɗan uwan da muke taƙama da shi kuwa har zaurensa mutane ne jibge. Ana cikin yayyafi wani mai sayar da ruwa ya ce mana akwai coci a bayan gari da ta buɗe ƙofa. Kunya ta kama ni, tsoro ma haka, amma ruwa na dukan tsohuwa, sai muka bi shi.

Faston mutumin wajen Zuru ne, gajere, mai yawan dariya. Sun jingine bencina a bango sun shimfiɗa tabarmi, mata da yara daga ƙauyukan Bukkuyum da Anka sun cika wurin. Ba wanda ya tambaye mu addini. Butoci ma sababbi ya sa aka sayo, ya nuna mana gabas da hannunsa. Inna kuwa ta kafe a bakin ƙofa.

"Ba ni shiga," in ji ta. "Tun da Allah yay yi ni ban taka wurin ga ba, ba yau za ni fara ba."

Fasto ya sa aka kwashe gangunan coci daga wani ɗan ɗaki a gefen harabar, aka share mata.

Sai kuma maganar abinci. Matan zumuntar cocin ke dafawa a manyan tukwane, kowa ya miƙa kwano. Inna ta ce ba ta cin abin da ya fito daga tukunyar da ba ta san tarihinta ba. Matar fasto ta kawo sabuwar tukunya fil, matata ta riƙa dama mata kunu a ciki. Kunun nan kaɗai take kurɓa, shi ma kaɗan. Ta rame har zobenta na faɗuwa in tana alwala. Da muka kai ta asibiti, malamar ta ja fatar idonta ƙasa ta nuna mini, fari fat. Ta ce jini ya yi ƙasa ƙwarai, a ba ta nama da hanta da romo, in ba haka ba kada mu ce ba a gaya mana ba.

Matar fasto ta je kasuwa ta sayo nama, ta kawo shi ɗanye, ta durƙusa.

"Inna, mahautan kasuwa ne suka yanka, Musulmi 'yan uwanki."

"Kin gani da idonki?"

"A'a, Inna."

"To ni ma ban gani ba."

Na koma kasuwar da kaina na sayo, ta ce ni ma rataye na iske shi. A ƙauyenmu kowa ya san wanda ya yanka, ya san akuyar gidan wa ce, ita kuma ba ta yarda da nama maras asali ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo mata maganar malamai, duk a banza. Inna in ta ce a'a, ko kana da gaskiya sai ka nemi wurin ajiye ta. Haushi nake ji kamar in fashe, amma tsoro ya fi haushin yawa. Kullum da safe kafin in gaishe ta sai na tsaya a bakin ƙofa in ga ko zanen da ta rufa da shi yana motsi.

Wata rana da hantsi na ga fasto ya shigo yana jan wata jar akuya. Ya ɗaure ta daidai ƙofar ɗakin Inna, ya ce mini su ma haka suke yi da Kirsimeti, maƙwabci Musulmi suke kira ya yanka don kowa a unguwa ya samu ci. Ya tambayi Inna ko a kira mahauci ya yanka a gabanta.

"Mahauci na mi?" in ji ta daga kwance. "Ina da ɗa namiji."

Ni ne ɗan farinta, ko sunana ba ta faɗa don kunya, yau kuma ga ta tana alfahari da ni a gaban baƙo. Abin da ba ta sani ba, tun ranar da na kwanta cikin dawar nan ban sake riƙe wuƙa ba. Ko matata na gani tana yanka albasa sai in tashi in bar wurin. A da kuwa ni ke yanka wa gidanmu ragon layya.

Aka fito da Inna aka jingine ta da bango. Na tona ɗan rami, na ba akuya ruwa, fasto ya kayar da ita ya juya ta gabas ba tare da na gaya masa ba. Matarsa ta miƙo wuƙa. Ina karɓa hannuna ya hau rawa, rawar da har bakin wuƙar ke ƙyalli yana ɓacewa. Na kalli wuyan akuyar, ba shi nake gani ba. Na ji muryar maƙwabcina sarai a kunnena.

Fasto ya lura. Ya saki ƙafar akuya ya miƙo hannu zai tallafi nawa, har na ji ɗuminsa, sai ya tsaya cak. Ya waiga ya dubi Inna, ya janye hannun. Mu duka biyun mun san in ya taɓa ni, yankan ya zama nasa a idonta, an yi asarar akuya, ita kuma ta ci gaba da kunu har abin da muke tsoro ya faru.

Ya danne akuyar da gwiwa, ya matso ya kare ni kaɗan daga idon matan da suka taru, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, ba dama in kama maka. Amma na rantse ba za ta motsa ba. Ka yi a hankali, ba mai koro mu."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a durƙushe ba. Na ji Inna ta yi tari, irin busasshen tarin nan da ya zame mata jiki. Na riƙe wuƙar da hannu biyu, na yi bisimilla, na yi kabbara, na yanka. Da na tabbatar ya yanku, na ajiye wuƙar na zagaya bayan coci na yi ta amai. Can fasto ya same ni da buta, ya zuba mini ruwa na wanke hannu, bai tambaye ni komai ba.

Matata ce ta dafa a tukunyar Inna, matar fasto na hura mata wuta, ba ta ko taɓa ludayi ba. Da romon ya yi aka zuba a kwano da 'yar hanta, muka kewaye tsohuwa. Ta daɗe tana kallon kwanon, ina jiran wata sabuwar hujja. Sai ta ɗaga ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Ta tsinci hanta ta kai baka tana tauna da dasashi, sannan ta yamutsa fuska, ta nuna matata da haɓa, ta dubi matar fasto da ke durƙushe nesa kaɗan.

"Ke ɗiyata, wagga yarinya ba ta iya gishiri ba. Taso ki ɗanɗana ki gyara mini."

Matar fasto ta taso, hawaye na zuba, ta sa hannu biyu ta karɓi kwanon.