Munduwar Raliya da Tozon Raƙumi

Kakata Raliya, ta wani ƙauye kusa da Gangara, man shanu take sayarwa, kuma duk wanda ya gan ta ya san tana ɗanɗana hajarta. Munduwar tagullar da aka sa mata ranar aure ta nutse cikin hannunta, har Ila maƙeri ya ce cire ta sai dai a sare hannun. Mata na tsokanarta, ita ko a jikinta.

Wajen 1927 fara ta sauka a gonakinsu, ta bar kara tsaye. Mijinta Garba ya yi kudu neman hatsi, ya bar ta da goyo, Mahmudu, wanda shi ne ubana. Kafin damina ta kankama rumbu ya zama wayam, abin ci sai 'ya'yan anza masu ɗaci da tsabar ƙarangiya.

Ubanta mai raƙuma ne, ya taɓa ce mata tun tana yarinya: "Raƙumi a hanya tozonsa yake ci. Kitsen nan shi ke narkewa ya ba shi ƙarfin tafiya. In tozo ya kwanta, sai ya koma cin naman jikinsa. In ya durƙusa daga nan, ba ya tashi."

Maganar nan ta hana ta sakat. Ta gane da kitsenta take ɗebo ruwa, da shi take shayar da Mahmudu, kuma ba ta san saura nawa ba. Kullum da safe sai ta taɓa munduwa. Ranar da ta fara juyawa a hannunta, ta san kitsen ya fara ƙarewa. Bakinta ya soma wani wari kamar ruɓaɓɓen dabino, in ta miƙe sai jiri. Babban tsoronta shi ne ranar da yaro zai kama nono ya tarar ba komai.

Saura kamar kwana ashirin sabon gero ya nuna, tana cikin daka sai munduwa ta zame ta faɗa turmi. Ta tsaya tana kallon hannun kamar na wata.

"Wayyo Allah, tozo ya kwanta," ta ce.

Ta ƙi zama, don kada ta durƙusa. Da goyo a baya ta taka har bakin rijiya, inda Aghali, wani madugun Abzinawa, ya sauka da ayarinsa. Ta miƙa masa munduwa, ya zuba mata gero a bakin zani, ya ƙara mata da cuku. Geron nan ne ya kai su kaka.

Ta yi shekara arba'in bayan haka, jiki ya dawo, amma ba ta sake sa komai a hannun ba. Ina yarinya na sha ganinta, ko rumbu na cike, sai ta zagaye wuyan hannunta da yatsu biyu kafin ta kai loma baki.