Motar da Ta Gagari Usta Gulnazar

A Horog, wani gari da ke can cikin tsaunuka, idan mota ta ƙi tashi aka yi ta fama har aka gaji, maganar ƙarshe ita ce a kai wa Usta Gulnazar, wato gwani Gulnazar. Shekara talatin da 'yan kai yana gyaran wayar mota a wata rumfar kwano da ke bayan kasuwa, dab da kogin Gunt. A soja ya koyi aikin tun zamanin Tarayyar Sobiyat, ya dawo ya shiga garejin gwamnati, da garejin ya mutu ya buɗe nasa. Gajere ne kakkaura. Kunnensa na hagu ba ya ji sosai, don haka da na dama yake sauraren inji, ya karkata kai kamar mai jin gulma. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: ƙwan fitila da ya ɗaura wa wayoyi biyu, da filaya, da ƙarfen narka dalma.

'Ya'yansa maza biyu ne. Babban, Dodik, ya tafi Rasha aikin gini da niyyar shekara ɗaya, ga shi har an shiga ta goma sha ɗaya. Sau biyu ya leƙo gida. A zuwansa na biyu Gulnazar ya ɗora jikarsa a cinya yana yi mata wasa da yarensu, sai yarinyar ta juya ta tambayi ubanta da Rashanci wai me tsohon nan yake cewa. Tun daga ranar ya ƙudura a ransa cewa ƙaramin, Shirinbek, ba inda za shi.

Shirinbek a rumfar ya girma, hannunsa kuwa ya iya waya. Amma abokansa duk sun watse, sai hotunansu yake gani a waya cikin manyan riguna. Sau biyu ya nemi izinin tafiya, sau biyu uban ya ce a'a. Da ya nema karo na uku, sai Gulnazar ya sake dabara. Ya sayar da gonar tuffa da ya gada a Roshtkala, ya sayo wata farar jif ta hannu mai ɗaukar mutum bakwai, irin waɗanda ke jigilar fasinja daga Horog zuwa Dushanbe, babban birnin ƙasar.

"Ga Rasharka nan," ya ce, ya miƙa masa makulli.

Shekarar farko lafiya lau. Da ƙanƙara ta narke a shekara ta biyu, wata rana da hantsi Shirinbek ya bugo daga wajen Rushon.

"Baba, ta mutu. Muna cikin tafiya sai ta yi tsit kamar an shaƙe ta."

"Kik yana juyawa?"

"Yana juyawa, ba ta kamawa."

"Buɗe murfin tanki ka kara kunne, wani ya murɗa makulli. Kana jin famfon mai?"

"Ba na jin komai."

Bayan kamar minti arba'in ya sake bugowa ya ce ta tashi da kanta. Gulnazar bai damu ba, ya ga irin wannan ya fi a ƙirga. Da motar ta dawo ya canja fiyus, ya canja ɗan akwatin da ke ba famfo wuta, ya sa sabon matacin mai. Aka yi mako guda shiru, sannan ta sake mutuwa a Kalaihum da fasinja cike. Ya sauke tanki da kansa, duk da ciwon bayan da yake fama da shi, ya sa sabon famfo. Kwana huɗu ta sake. Ya karɓi makulli ya tuƙa ta da kansa, ya haura tudu, ya bi hanyar duwatsu yana jijjiga ta da gangan, ya gwada ta da sanyin safiya, ya gwada ta injin na zafi. Ko tari ba ta yi ba.

A tasha kuwa direbobi suka samu abin yi. Duk sanda ya wuce sai wani ya ɗaga murya.

"Usta, ko mu turo maka makanike ne?"

"A'a, ku bar shi, yana jiran ta gaya masa da bakinta!"

Ya kan yi murmushi ya wuce, amma abin yana cin sa. Fasinjoji suka fara tambaya kafin su hau ko wannan ce farar motar da ke kwana a hanya. Masu kawo masa aiki suka fara komawa wajen wani sabon mai gyara da ke da kwamfutar gwaji.

A cikin wannan hali ne ya yi abin da ya fi damun sa har yau. Da ya rasa inda zai kama, sai zarginsa ya faɗa kan mai. Wajen Mamadyor suke shan mai, abokinsa tun suna soja. Gulnazar ya je gidan man da rana tsaka, ga layin motoci, ya ce a gaban kowa man nan da ruwa a ciki.

Mamadyor ya tsaya yana kallon sa. "Ni, Gulnazar? Ni da muka shekara biyu muna ci a kwano ɗaya?"

Ya ɗauko kwalba ya tsiyayi mai, ya ɗaga ta sama rana ta ratsa, tas, babu ko ɗigo. Ya dire ta a gaban Gulnazar ya shige ciki. Daga ranar ko sun haɗu a kasuwa sai ya kau da kai.

Bayan kwana kaɗan motar ta mutu da wani tsohon malamin makaranta a ciki, wanda ya yi wata biyu yana jiran ranar ganin likitan ido a Dushanbe. Awa uku suka yi a gefen hanya, suka kwana a Kulob, ranar ta wuce shi. Gulnazar ya sa hularsa ya je gidan malamin ya ba da haƙuri, yana tsaye a bakin ƙofa kamar ɗalibin da ya yi laifi.

A gida, suna shan shayin madara mai gishiri da burodi, Shirinbek ya ce, "Baba, motar nan babu alheri a cikinta. A sayar kawai a huta."

Uwarsa Bibinoz ta ce, "Ka ji maganarsa, Baban Dodik. Ka sayar tun ba ta jefa mana yaro cikin kogi ba."

"Ba a ƙera motar da za ta gagare ni ba," in ji shi. "Gobe da ni za a yi tafiyar."

Ya zauna a kujerar baya da ƙwan fitilarsa a aljihu. Sun wuce mararrabar Wanj kaɗan sai injin ya ɗauke. Ya yi wuf ya sauka. Ya taɓa fitila a akwatin fiyus, ta kama. Ya ɗaga kujerar baya ya taɓa a bakin famfo, ba ta kama ba. Wuta tana fita daga gaba amma ba ta isa baya. Ya fara bin wayar ke nan sai ya ji famfon ya ɗauki gurnani, fitilar ta haska a hannunsa. Wutar ta dawo.

Murna ya yi a ranar, har ya dafa kafaɗar ɗansa. "Na kama ta! Waya ce ta tsinke a ciki, tana haɗuwa tana rabuwa. Mu koma gida ka gani."

Shirinbek ya ce to, idonsa a kan hanya.

Kwana biyu da dawowarsu Shirinbek ya tafi bikin wani ɗan'uwansu a Porshinev. Gulnazar ya shigar da motar rumfa tun da safe. Ya kwance kujeru ya jingine a waje, ya yaye shimfiɗar ƙasa, ya bi wayar famfo daga tanki zuwa gaba, yana murza ta da yatsa taƙi bayan taƙi. A daidai inda kujerar direba take zama, ta gefen ƙofa, ya tarar an yanke ta. An ƙara wa kowane baki wata siririyar waya, su biyun suna hawa sama. Ya juya kujerar direban da ya cire. A cikin sosonta, inda hannun hagun mai tuƙi zai sauka in ya sake shi, akwai wani ɗan makunni da bai fi ƙwayar wake ba.

Da farko ya ce a ransa mai motar na farko ne ya sa don ɓarayi. Amma tef ɗin da aka naɗe mahaɗin da shi sabo ne, ja, irin wanda ke rataye a ƙusa a bayansa. Ya warware shi a hankali. An murɗa wayoyin, an lanƙwasa bakin ya koma baya, sannan aka zuba dalma ta kwanta sumul. A duk Horog mutum ɗaya ne ke haɗa waya haka, shi kansa, kuma mutum ɗaya ya taɓa koya wa.

Ya mayar da haɗin, ya murɗa makulli, ya danna makunnin. Famfo ya yi shiru. Ya sake dannawa, ya tashi. Ya daɗe zaune a ƙasan motar yana dannawa, kamar yana jiran wani karon ya ba shi wata amsa dabam.

Da azahar ya shiga gida. Bibinoz tana fitar da burodi daga tanda. Ya ajiye makunnin a kan shimfiɗar cin abinci da wayoyinsa biyu. Ta dube shi, ba ta tambayi ko mene ne ba. Wannan shirun nata ya fi abin da ya gani a rumfa yi masa ciwo.

"Tun yaushe kika sani?"

Ta goge hannu a zanenta. "Tun karo na biyu. Shi ya gaya mini."

"Kina kallo na kwanta a ƙasa da bayan nan nawa ina sauke tanki. Kina kallo na je na ci mutuncin Mamadyor a gaban jama'a. Kika zuba mini shayi kika ce in sayar kar ta jefa yaro kogi."

"Sau nawa ya roƙe ka?" ta ce. "Ni sau nawa na roƙe ka? Ba ka jin maganar kowa sai ta inji."

Shirinbek ya dawo da la'asar da kayan biki a jikinsa. Yana shiga ya ga abin a kan shimfiɗa, ya tsaya cak.

"Aikin ya yi kyau," in ji Gulnazar. "Dalmar ta zauna."

"Baba..."

"Malamin nan da bai ga likitansa ba, shi ma da ɗan yatsanka ne?"

"Wallahi ban san asibiti za shi ba. Sai daga baya." Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago. "Na ce maka ba na son tuƙi. Ka sayar da gonar kakanmu ba ka tambayi kowa ba, ka ɗaure ni a sitiyari. Na ɗauka in ta dame ka sau biyu ko uku za ka rabu da ita. Ban san za ka nace haka ba."

"Ba ka sani ba? A hannuna ka girma ba ka sani ba?" Gulnazar ya miƙe tsaye. "Da ka tsaya a gabana ka ce za ka tafi ko na so ko ban so ba, da na zage ka kwana biyu, a na uku na raka ka tasha. Amma ina kujerar baya, ina bayanka, ka sa hannu ka kashe ta. Na dafa ka ina murna, ka ce mini to."



"Tafi," in ji uban. "Ba na riƙe ka."

Washegari ya je gidan mai, a daidai lokacin da ya san akwai layi, ya cire hula ya ba Mamadyor haƙuri da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ya ce laifin waya ne, ba na mai ba. Mamadyor ya karɓi hannunsa, amma bai ce ya shigo a sha shayi ba. A tasha labari ya bazu cewa Usta ya gano ciwon motar, aka dawo ana yabon sa. Duk wanda ya tambaye shi mene ne, sai ya ce wata waya ce a ƙarƙashin kujera. Bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Bayan kwana goma Shirinbek ya tafi a motar wani. Uwarsa ce ta raka shi. Gulnazar yana rumfa a lokacin, kansa cikin bonet ɗin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya. Jif ɗin ya sayar wa wani mutumin Murgob, wanda har yau yake yabon ta. Gonar kuwa wanda ya saya ya ce ba zai mayar ba.

Shi da Bibinoz suna nan tare. Suna maganar itacen hura wuta, da gishiri, da wanda ya rasu a unguwa. Abincin rana ya koma ci a rumfa.

Shirinbek yana bugowa kowace Lahadi. Ya samu aiki a wani gareji a Yekaterinburg, can Rasha, gyaran wayar mota. Uwarsa ce ke ɗauka, Gulnazar ya ce a gaishe shi daga inda yake zaune. Wata Lahadi cikin hunturu Bibinoz ta miƙo masa wayar ta ce yaron yana da tambaya. Ya karɓa ya kara a kunnen dama.

"Baba, ina wuni. Wata mota ce a nan, batir ɗinta yana mutuwa in ta kwana biyu a ajiye. Mun sa sabo, duk ɗaya. Maigidan garejin ya ce in ban gano ba zai ba wani."

Gulnazar ya tambaye shi shekarun motar, da ko an taɓa ƙara mata rediyo ko fitila. Ya ce ya cire kan batir ɗaya ya sa fitila a tsakani, ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har sai hasken ya mutu, kar ya yi gaggawa, kar ya tsallake ko ɗaya. Ya yi masa bayani dalla-dalla, ya sa shi ya maimaita.

"Na gane, Baba. Na gode. Baba, ya jikin..."

"Ga mamanka," ya ce, ya miƙa mata wayar, ya ɗauki rigar sanyinsa ya fita share ƙanƙarar da ta taru a kan rufin.