Jirgin da Lado Ya Nutsar

Lado mai fito ƙanin mahaifiyata ne. Tun ina yaro na san shi a mashigin kogin Gari, inda masu jakai daga wajen Kanya Babba suke tsallakewa in za su kai gyaɗa Kano. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son doguwar magana. Aikinsa na damina ne kaɗai, don da rani kogin namu yashi ne zalla, ko akuya tana ƙetare shi. Amma daga ruwa ya kankama har zuwa kaka, duk mai wucewa sai ya shiga jirgin Lado: fatake, masu zuwa biki, 'yan dokan En'e, har wani Baturen gona da ya taɓa zuwa rangadi ya zauna a tsakiya yana riƙe da hularsa da hannu biyu. Jirgin na maɗaci ne, shi kaɗai ne a duk yankin. Matar Lado, Tasalla, tana da rumfa a gindin wani ɓaure a bakin gaɓa, tana dama wa masu jiran fito fura.

Shekarar da na dawo daga karatu a Ikko, bayan yaƙi, na iso gida a ƙarshen damina. Mafi yawan abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, amma har yau ba zan ce na gane shi ba.

Masu fito a wajenmu suna da wata al'ada. In hadarin ƙarshen damina ya taso, irin wanda iskarsa ta fi ruwansa yawa, ba sa jawo jirgi tudu, don iska tana iya ɗaga shi ta maka da ƙasa ya tsage. Nutsar da shi suke yi. A zuba masa duwatsu a wuri marar zurfi, a bar shi ƙarƙashin ruwa, in iska ta lafa a kwashe duwatsun ya taso. Ba a ɗaura masa igiya. Mutum dai ya riƙe wurin a ransa da wata alama a tudu.

Ran nan na je gaishe da Lado da la'asar, sai gabas ta haɗe. Na tarar da shi cikin ruwa har ƙugu yana jera duwatsu a jirgi.

Na ce, "Kawu, da hannunku za ku nutsar da shi?"

Ya ce, "To da ƙafata? Miƙo mini wancan dutsen."

Jirgi ya nutse daidai da gindin ɓauren. Muka ruga cikin ƙauye. Iskar da ta biyo baya ban ga irinta ba ko a bakin teku. Ta yaye jinkar ɗakuna, ta tuntsurar da rumbuna, ta kwashe rumfar Tasalla da ƙoren furarta. Bayanta kuma ruwan da aka yi a can sama ya gangaro, kogi ya yi kwanaki yana cin gaɓa. Buhunan gyaɗar da wasu fatake suka tara suna jiran fito duk suka tafi.

Da ruwa ya janye muka koma mashigi, muka tsaya muna kallon juna. Babu ɓaure. Babu ma gaɓar da yake a kai. Kogin ya yanki wata sabuwar hanya ta kudu, ya bar tsohuwar cike da yashi da laka, shimfiɗe kamar filin idi.

Lado ya ɗauki gorar tuƙinsa yana caka ƙasa. Ya caka nan, ya matsa ya caka can. Tasalla ta ce, "Malam, ai ka yi yamma da yawa. Nan nake ajiye tulu." Wani tsoho da ya yi shekaru yana shan inuwar ɓauren ya nuna wani wuri dabam, ya rantse. Ni ma aka tambaye ni, tunda ni na miƙa dutse. Na nuna inda nake zato, da na juya na dubi ƙauye sai na ga kamar ba nan ba ne. Mutanen da suka girma a gindin itace ɗaya suka kasa yarda a kan inda yake.

Kafin a gama girbi dagaci ya kira Lado. Ya ce masa ba ya son ya tozarta shi, amma hanya ba za ta zauna babu fito ba. In ruwan baɗi ya zo babu jirgi, zai ba wasu mutanen tsallake mashigin, masu fito da manyan ƙore. Sayen wani jirgin kuwa ba maganar da Lado zai ko fara ba ce.

Haka ya ci rani yana haƙa. Da safe ya fita da fartanya da kwando, ya tona rami har ya shige kansa, ya fito ya koma gaba. Filin ya cika da ramuka, har masu jakai suka fara ƙorafi.

Akwai taubashinsa Sama'ilu, wanda ya ga laka mai kyau a gefen tsohuwar hanyar ruwan ya yi maza ya kafa lambun albasa. Kullum Lado ya wuce sai ya ce, "Sarkin ruwan yashi, yau ma kabari ake haƙa? Na wa?"

Lado ya ce, "Naka. Ina auna tsawon bakinka ne, har yanzu bai shiga ba."

Sama'ilun ne kuwa, yana yashe rijiyar ban ruwa a tsakiyar lambu, ya ji fartanya ta bugi itace. Wurin ya yi nisa da duk inda kowa ya nuna. Lado ya zo ya leƙa, ya ce a fara tono. Sama'ilu ya tare shi.

"A kan albasata? Jirginka ya jira a cire, ai ba yunwa yake ji ba."

"Sama'ilu, ruwa ya kusa."

"Albasa ma ta kusa."

Aka kai maganar gaban dagaci, shi ma ya ga hukuncin da wuya, don filin ba gona ba ne a da, ba kuma kogi ba ne yanzu. Aka tsaya a kan a jira. Lado ya riƙa zama a bakin lambu, ido ɗaya a kan albasa, ɗaya a gabas.

Gajimare ya fara taruwa lokacin da aka cire albasa. Rabin ƙauye suka fito tono. Da aka share yashi jirgi ya bayyana lafiyayye, mata suka fara guɗa. Lado ya sauka cikin ramin. Ya zaga shi, ya shafa gefensa, ya sake zagawa. Jirgin ya fi nasa tsawo, itacen baƙi ƙirin, ga wani ɗinki na ƙarfe a gindinsa. Babu dutse ko ɗaya a ciki.

Ya ce, "Wannan ba nawa ba ne."

Dagaci ya tambayi tsofaffi ko an taɓa yin wani jirgi a mashigin nan kafin na Lado. Babu wanda ya tuna. Wani ya ce ko ruwa ne ya kawo shi daga sama, wani ya ce babu mai irinsa a can.

Sama'ilu ya ce, "A lambuna aka haƙo, nawa ne ke nan. Na ba ka aro."

Tasalla ta matso kusa da mijinta, ta ce a hankali, "Malam, jirgi ne ko ba jirgi ba?"

Lado ya sake duban jirgin, sannan ya ce a kawo shanu a ja.

Ruwa ya zo, jirgin bai yi yoyo ba, mashigi ya zauna a hannun Lado. Ina cikin waɗanda ya fara tsallakarwa. Ya tuƙa a hankali, yana ta duban ƙasan jirgin kamar mai hawan dokin wani. Da muka kai tsallake, kafin mu sauka, ya ce wa fataken da ke ciki in sun je garuruwansu su yi cigiya: duk wanda jirginsa ya ɓata, yana wurin Lado.