Irin da Na Shanya a Inuwa

Ina durƙushe a gindin darbejiya ina cakuɗa irin masara da wani baƙin gari mai danshi, sai ga Yaya Haruna ya tsaya a kaina.

Malamin gona na Bagwai ne ya ba ni garin. Cike yake da ƙwayoyin halitta masu rai, 'yan asalin ƙasa, waɗanda ke manne wa saiwa su yaƙi cutar ruɓewar da ta kwantar min da gona bara. Irin nan kuwa shi kaɗai ya rage min, ga maganin feshi ya gagari talaka.

"Malam Isa, iri mai laima a inuwa? Funfuna kake gayyata. Fitar da shi rana kamar yadda Baba ya koya mana."

"Yaya, rana kashe su za ta yi. Akwai rai a ciki."

"Wato 'yan ƙwadagon da ido ba ya gani ka ɗauka bana?"

"Ƙwarai. Kuma ba sa neman fura."

Ya miƙa hannu zai ja tabarmar da na baza irin a kai, na dafe ta. Tunda nake ban taɓa musa masa ba sai ranar.

Yanzu masarar ta girma. Jiya ya zo gonar, ya tone gindin kara ɗaya, ya daɗe yana kallon saiwa fara tas. Ya ce sa'a ce kawai. Amma da zai tafi ya tambayi ranar da malamin gonar zai dawo.

Shekarun nan sun ƙwace mana taki, ba su ƙwace mana ƙasa ba. Jama'a, wa ya taɓa dafe tasa tabarmar?