Ƙwallon dabino a bakin gada

A shekarar da matata ke da cikin fari, ni da wani abokina mun kamu da wasan yaƙi na allo. Da muka gaji da taswirar Turai, sai na zana Abidjan a kwali: Adjamé, ruwa, gada, Treichville. Marafan kwalba ne sojojinmu. Na raba su daidai, don ni ba na son wasan da aka san mai ci tun kafin a zauna.

Zaɓe na matsowa, mu kuwa muna zaune a unguwar 220 Logements da ke Adjamé. Kawuna, mai sayar da albasa a kasuwar Gouro, ya dame ni in kai matata gidan gwaggo a Treichville kafin ranar. Na ce masa wancan zamanin na rikicin zaɓe ya wuce. Haushi ma yake ba ni, kullum magana ɗaya.

Wata Juma'a bayan masallaci ya same mu a tsakar gidanmu muna wasa. Ya daɗe a tsaye a kanmu.

"Wa ya ce maka an taɓa yin yaƙi daidai wa daida?"

"Kawu, wasa ne. In ba a daidaita ba, ba daɗi."

Ya cire ƙwallon dabino daga bakinsa, ya ajiye a bakin gada ta ɓangaren Adjamé.

"To ga ni nan, lokacin rikicin baya. Tsallakar da ni."

Na tambaye shi ɓangaren wa yake. Ya ce ba na kowa ba. Abokina ya matso da marafansa ya kafa shinge. Na juya da ƙwallon ta wata hanyar, sai na tarar nawa sojojin ne suka toshe ta. A dokokin da na rubuta da hannuna, duk abin da ba naka ba ne, ci ake yi. 

"Ni kaɗai ne ranar, kuma ina iya gudu," in ji Kawu. "Matarka fa?"

Washegari na ɗauki jakarta muka shiga gbaka, ƙaramar bas ta haya, zuwa gidan gwaggo. Da muka iso bakin gada, na ga samari suna jibge tsofaffin tayoyi a gefen titi, ba su ko kalle mu ba. Ta kama hannuna ta ɗora a cikinta, tana tambaya ko gobe ma za a bar ni in tsallako wurinta.