Telan Landover da laimar da ta harɗe a sama

Malam Misbahu tela ne, haifaffen Zangon Kumasi, yana da ɗan shago a garin Landover na Amurka tsakanin mai sayar da garin rogo da mai aski. Ni kuwa Abdul-Samad, Bakano, direban tasi, shi ke yi mini ɗinkin sallah tun 2004. A duk shekarun nan ban taɓa ganin ya jefar da ƙyalle ba. Ka kawo masa rigar da ta gama yayi ka ce ya yar, sai ya juya ta, ya shafa, ya ce da sauranta. Na sha yi masa tsiya a kan wannan hali, ban san har sama zai bi shi ba.

A bazarar 2011 wata baƙar Ba'amurkiya mai suna Constance ta kawo masa wata riga haɗe da wando, gwiwar ta yage. Ya tambaye ta aikin da ake yi da irin wannan kaya. Ta ce koyar da mutane dirowa daga jirgin sama take yi, laimar yadi ce ke sauko da su ƙasa. Malam ya ajiye almakashi. Bai tambaye ta tsoro ba, bai tambaye ta ko ana mutuwa ba. Cewa ya yi wane irin yadi ne wannan da ke ɗaukar ƙaton mutum a iska, kuma wa ya ɗinka shi.

Ranar Asabar ni na kai shi filin da su Constance ke dira, can gaba da garin Manassas, cikin gonaki. Constance ta shimfiɗa masa laimar. Ya durƙusa yana murza yadin a tsakanin yatsu, ga shi shara-shara kamar bawon albasa, ya ja da ƙarfinsa bai yage ba. Ya yi ta faɗin "Ikon Allah" a hankali. A ranar, yana da shekara hamsin da biyu, aka ɗaure shi a ƙirjin wani malamin dira suka faɗo tare daga ƙafa dubu goma sha uku. Ni ina ƙasa, wuyana ya ƙage, bakina a buɗe.

Daga nan ya shiga koyo sosai. Aka goya masa jaka mai laima biyu, babba da ta ko-ta-kwana, aka ɗaura masa wani abu kamar agogo mai nuna nisansa da ƙasa. A ƙirjinsa akwai mariƙi biyu, na dama yana sakin babbar laima gaba ɗaya, na hagu yana buɗe ta biyun. Constance ta nanata masa doka guda: in ya rage masa ƙafa dubu biyu da ɗari biyar ya kai ƙasa laimar ba ta zauna daidai ba, ya sake ta, ba gyara, ba shawara. Ya ce ya ji.

Dirarsa ta bakwai ce ta kusa kashe ni a tsaye. Laimarsa mai ruwan lemo ta buɗe, amma igiya ɗaya ta haye ta kanta, ta tsuke ta a tsakiya, ta shiga juyi da shi. Wanda ke yi masa magana ta rediyo daga ƙasa yana ta ce masa ya duba agogo, ya saki. Bai saki ba. Muna hango hannuwansa a sama yana jan igiyoyin, yana ƙoƙarin warware su, yadda na saba ganinsa in zare ya harɗe a keke. Na tsorata ƙwarai, na kuma ji haushinsa, domin na gane abin da yake yi tun kafin Turawan su gane.

Sai da ya sauko har ina iya bambance ƙafafunsa sannan mai ruwan lemon ta rabu da shi. Ya faɗo haka nan, ba abin da ke riƙe da shi. Ban san tsawon lokacin ba. Sai wani farin abu ya fito daga bayansa, ya kumbura, ya tsaya cak a kansa. Na zauna daɓas a ciyawa.

Da muka isa gare shi yana zaune, igiya ta yayyanka masa yatsu. Maganarsa ta farko ita ce, "Ina yadin ya faɗi?"

Na ce, "Malam, don girman Allah, me ka tsaya yi?"

Ya ce, "Igiya ɗaya ce fa, Abdul-Samad. Yadin lafiyarsa lau."

Constance ba ta yi faɗa ba. Ta tsuguna a gabansa, ta tambaye shi da Turanci abin da ya gani a dirarsa bakwai. Ya shiga yi mata bayanin ɗinkin laimar, layi biyu-biyu, da yadda aka ninka bakin, da inda aka ƙara ƙarfi wajen igiyoyi. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce ba zai ƙara hawa jirginta ba sai ranar da hannunsa ya riga tunaninsa zuwa mariƙin nan. In bai iya ba, ya koma shagonsa da ransa.

Mako shida yana zuwa ana rataye shi a ɗamara a cikin rumfar jirage. Ta ɗaga masa hoton laimar da ta lalace, shi kuma ya fizge na dama, ya fizge na hagu. Da fari sai ya tsaya yana nazarin hoton, ta ce masa ya mutu, a sake.  Sau ɗaya a hanyar gida ya ce da ni abin da wuya, mutum ya ga abu mai gyaruwa ya sake shi.

A watan Oktoba ta yarda ya hau. Na tsaya inda na saba, ina kallon jirgin har ya zama ɗigo. Wasu ƙananan ɗigogi suka zubo daga cikinsa, laimomi suka yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara, ba hayaniya, mutane rataye a sararin Allah. Tasa ta buɗe lafiya. Ya sauka a kan ƙafafunsa, ya tsaya bai ko tattara yadin ba, yana kallon yamma. Da na ƙarasa na tarar idanunsa sun ciko.

Ya ce, "Abdul-Samad, ashe akwai duwatsu a can? Shuɗɗa, jere har iyakar gani. Tun yaushe suke nan?"